Garken Da Ya Ɓuya Cikin Waƙar Daka

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. 'Yan uwana mata na Islamiyyar unguwarmu, da dangi na Kurawa da Isa da kuka yi ta bugo waya, kun ce in ba ku labarin jinyar maigidana Baban Hafsatu daga farko har ƙarshe, don guntu-guntu kowa ya ji. To ga shi na zauna na rubuta. Ya warke, alhamdu lillahi. Yanzu haka yana gindin darbejiya suna gardama da mahaifiyarsa Inna kan tsadar dusa. Na fara da wannan ne don kada gaban wata ya faɗi a tsakiyar labari.

Maigidana mutumin Kurawa ne, gidansu gidan shanu da noma. Shi fataucin wake da gero yake yi tsakanin Sabon Birni da Isa. Da mahaifinsu ya rasu ya bar garke, daidai lokacin da korar shanu ta yi yawa a ƙasarmu. Kun san halin da ake ciki, ba sai na faɗa ba. Suka zauna shi da Inna, wato mahaifiyarsa, da ƙannensa mata biyu, aka yanke a sayar da shanun tun ba a wayi gari an ga turke kawai ba. Aka ce shi ya riƙe kuɗin amana har Allah ya kawo sauƙi.

Sai ya zuba su cikin abin nan da ake ce wa kirifto, irin wanda ke tafiya da dala. Kuɗi ne na cikin waya, a wata jaka da suke kira walet. Na tambaye shi halaccin abin, ya ce ya tambayi malamai, an saɓa, shi kuwa ajiya yake yi ba caca ba. Ya bayyana mini cewa jakar ba ta da ofis, ba ta da manaja. Mabuɗinta kalmomi ne goma sha biyu na Turanci, a jere. Mai su shi ne mai kuɗi. Wanda ya rasa su, ko kuka zai yi da jini babu inda zai kai ƙara. Duk tafiyar da zai yi yakan goge walet ɗin daga wayarsa, saboda a hanya ana tare mutane a bincike waya. In ya dawo sai ya maido ta da kalmomin nan.

Na ce, "Baban Hafsatu, ina takardar da ka rubuta su?"

Ya ce, "Na ƙone ta."

Na ce, "Innalillahi. Ka ƙone?"

Ya buga goshinsa da yatsa ya ce, "Rabi, takarda ana sace ta, gara na cin ta, ruwa na jiƙa ta. Wanga kai hwa, wa ka buɗe shi? Mutumin da ya riƙe izu arba'in, kalma goma sha biyu za ta gagare shi?"

Gaskiya kam Allah ya ba shi kai. Lambar wayar da aka faɗa masa sau ɗaya ba ya mantawa.

Akwai wani abu kuma da sai na faɗa tun yanzu. A 'yan watannin da suka gabaci ciwon ya tsiri wata waƙa marar kan gado, in yana wanke babur ko yana ba rago dusa, yana yi ƙasa-ƙasa:

Zaki ya hau jirgi,
Da albasa da gishiri,
Kaza ta ɗauki laima,
Ta bi gada zuwa kasuwa,
Biri ya sha zuma,
A madubi ya ga wata.

Ni dariya take ba ni. Na ce masa babba da shi yana waƙar goyo. Ya ce in rabu da shi. Amma waƙar tana da daɗin faɗuwar taɓarya, ban san lokacin da ta shige ni ba. Ina surfe ina yi. Maƙwabciyata Kulu da muke daka tare ta ɗauka, ita kuma ba ta iya komai a hankali ba. Kafin wata guda, in kin bi layinmu da hantsi, gida uku ko huɗu za ki ji zaki yana hawan jirgi.

Makon farko. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko randa ba ta sanyaya ruwa. Ya dawo daga kasuwar Isa ran Asabar ya ce kansa na sara. Ko wayarsa bai taɓa ba, bare ya maido walet ɗin, ya kwanta. Na ce rana ce. Lahadi zazzaɓi da amai, na aika kemis aka kawo maganin cizon sauro. Litinin ya ce in rufe taga, haske na soka masa ido. Na kawo masa kunu, ya kasa sunkuyo da kai ya sha, wuyan ya sandare kamar an sa masa sanda.

Nan shawarwari suka fara zubowa. Wani kawunsa ya ce a kira wanzami a yi ƙaho a ƙeya. Wata gwaggo ta ce iska ya taka a hanyar Tozai, a yi hayaƙi. Kulu ta kawo tazargade ta ce a jiƙa a shafa. Kowa da alheri yake nufi, Allah ya saka musu, amma kwana biyu muka ɓata. Wannan ɓata lokacin har yau in na tuna sai na nemi gafarar Ubangiji. Ran Talata ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ban ƙara sauraron kowa ba. Na yafa hijabi na fita na nemo mota da kaina.

Don Allah 'yan uwa, ku riƙe wannan: ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, mutum yana gudun haske. Kada ku jira gobe. Sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Mako na biyu. A asibitin da muka fara zuwa aka yi masa allura aka sa ruwa, aka ce mu wuce Sakkwato. Da sassafe muka bi ayarin motoci, kansa a cinyata, ina ta karanta duk addu'ar da na sani. Inna ta zo daga Kurawa ta shiga gaban mota. Ku san shi ɗan farinta ne, kuma ita ta riƙe kunyar nan ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta duban fuskarsa a gaban mutane. Tun daga Sabon Birni har muka isa ba ta waiwayo ba. Sai dai lokaci-lokaci ta ce, "Ɗiyata, mutumin naki shina numfashi?" In ce yana yi. Ta ce, "To."

A can kuwa layi ne kan layi. Layin kati, layin biya, layin gwaji, layin magani, kowanne a wani gini daban, kuma sai kin kai gaba a ce ba nan ba ne. Na sayar da ragonmu ta waya, na cire 'yan kunnena na aure na bayar. Ban ji ciwon hakan ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne wata mai ba da kati da ta daka mini tsawa don ban san shekarar haihuwarsa ba, alhali mutum na kwance bai san inda yake ba. Amma a ɗakin nan kuma akwai wata nas mai juna biyu, da ƙafafunta a kumbure, ba ta taɓa wuce lokacin allurarsa ba. Allah ya sauke ta lafiya.

Likitan wani siriri ne mai gilashi, mai magana a hankali. Ya ce za su ɗebi ruwa a bayansa. Kawu ya bugo waya ya ce kada a yarda, wai duk wanda aka taɓa wa baya ba ya ƙara tafiya. Na rasa yadda za ni yi. Inna tana zaune a tabarma ta ba gadon baya, ta ce, "Ku ɗiba. Ni na haife shi, na ba ku." Aka ɗiba. Sanƙarau ne.

Mako na uku. Ran da ya cika kwana tara ana allura, da hantsi ina goge masa fuska, ya buɗe ido ya ce, "Rabi, kin rame." Wallahi ban san lokacin da na yi guɗa a ɗakin marasa lafiya ba. Nas ta leƙo ta ce, "Hajiya, nan ba gidan biki ba ne," tana dariya. Inna ta tashi ta fita waje wai za ta nemo goro. Na leƙa ta taga na gan ta ta durƙusa bayan tankin ruwa ta sa goshi a ƙasa.

Abu na farko da ya nema fura ce. Na biyu, ya tambaya ko an ba rago dusa. Na ce rago ya tafi aikin Allah.

Kunnensa na hagu ya yi nauyi, har yanzu sai an bi ta dama. Tunaninsa kuma ya zama kamar zanen da ɓera ya ci, nan lafiya, can rami. Ya san ni, ya san Hafsatu, karatunsa na Alƙur'ani yana nan tsaf. Amma watannin da suka gabaci ciwon sun yi masa duhu. Ran sallama likita ya ce kada a matsa masa da tambaya, wasu abubuwan za su dawo, wasu ba za su dawo ba. Maigidan ya ce, "Likita, ni kaina ba ya zubar da abu." Likita ya cire gilashi ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwa ba akwatin ƙarfe ba ce. Nama ce. Zazzaɓi na dafa ta." Wannan maganar ta zauna mini.

Mako na huɗu, muna gida. 'Yan dubiya ba su yanke ba, har na rasa inda za ni sa ƙwai da nono. Yana ci, yana ɗan takawa zuwa masallaci. Amma na lura kullum bayan la'asar sai ya ɗauki waya ya ƙura mata ido, leɓensa na motsi, sannan ya kife ta. Ran nan na same shi gumi ya jiƙa masa riga.

Na ce, "Baban Hafsatu, jikin ne?"

Ya ce, "Rabi, shanun Inna sun ɓace."

Na ce, "Waɗanne shanu kuma?"

Ya ce, "Kalmomin. Na duba inda na aje su, wurin wayam. Ko ɗaya ba ta zo ba."

Na zauna a bakin gado. Ba kuɗinmu ba ne. Gadon marayu ne da tsohuwa, abin da mahaifinsu ya yi shekara arba'in yana bi a daji. Ƙanwarsa ƙarama tana jiran rabonta ta gyara ɗakinta kafin damina. Ya ce da ya san haka zai tashi, da gara bai tashi ba, don kunyar ta fi masa ciwon nauyi. Na ce ya yi istigfari, kada ya ƙara.

Kwana uku na riƙe maganar, sannan na je na durƙusa gaban Inna na faɗa mata, don na ga ɓoyewar na cinye shi. Ta daɗe tana murza carbi. Ta ce, "Ɗiyata, ni shanu sun tafi tun ran da anka kora su kasuwa. Abin da ban gani ba, ban taɓa aza shi dukiya ba. Ki ce ma mutumin naki ya ci abinci." Na kai masa saƙon. Ya yi kuka, amma ya ci. Sai dai walwalar ba ta dawo ba.

Mako na biyar. Da hantsi muna surfen gero ni da Kulu, shi yana kwance a inuwa, kunnen dama a sama. Kulu ta ɗaga murya yadda ta saba: "Zaki ya hau jirgi, da albasa da gishiri!" Ni kuma na amsa: "Kaza ta ɗauki laima!"

Sai muka ga mutum ya tashi zumbur, babu hula babu takalmi, ya nufo turmi.

"Mi kunka ce? Ku sake!"

Kulu ta ja mayafi ta ce, "Malam, yi haƙuri, mun tashe ka."

Ya ce, "Kulu, don girman Allah sake!"

Ta sake, tana kallona, ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Yana bin mu yana ƙirgawa da yatsu. Zaki, jirgi, albasa, gishiri, har zuwa wata. Goma sha biyu cif. Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya hawaye na zuba. Na sallami Kulu da dabara. Da ta fita ya ce, "Rabi, su ne! Na tuna. Hausa na maida su na yi musu waƙa don su zauna. Ina kika samo ta?"

Na ce, "A bakinka. Ai duk layin nan an iya ta."

Dariyar ta tsaya. "Duk layi?"

Na ce, "Har masu tallar fura."

Ya dafe kai ya ce, "Ni da na ƙone takarda don kada mutum ɗaya ya gani!"

Mun ɗauka an gama. Ashe da saura. Da, Hausar igiya ce kawai, in ya ja ta sai Turancin ya biyo. Yanzu igiyar ta dawo, guga ya zauna a rijiya. Shi bokonsa firamare ce, don haka aikin ya faɗo kaina. Na tono tsohon ƙamusuna na sakandare daga ƙasan akwati. Zaki da albasa da gishiri ba su ba ni wahala ba. Amma kaza suna biyu gare ta a Turanci. Wata kuma, na sama daban, na kwana talatin daban. Jirgi kuwa ya fi kowa rigima: ƙaramin na ruwa da sunansa, babban da nasa, kwalekwale da nasa, na ƙasa da nasa.

Mako na shida duk a haka ya tafi. In na gama aikin rana sai mu zauna, in jera, shi ya danna. Wayar ta ce ba daidai ba. Mu sauya kaza. Ba daidai ba. Mu sauya wata. Ran Alhamis sai ta karɓa. Na tashi za ni yi guɗa, ya riƙe mini hannu. Jakar ta buɗe, amma wayam, ko sisi babu. Ashe in an yi kuskure wani lokaci takan buɗe wata jakar da ba ta kowa ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Mun gwada duk yadda za a juya su, ba mu bar ko ɗaya ba. Ya ce, "Shi ke nan, Rabi. Mu bar wa Allah." Na ce mun bar masa, amma a raina ban daina juyawa ba, ina wanki ina juyawa, ina salla ina korar zaki daga zuciyata.

Mako na bakwai, ran Talata bayan kalaci, ya ce, "Miƙo mini bitamin ɗina." Na ɗauko kwalbar. Ina tafe ina kallon rubutun jikinta, ba don komai ba. Sai na tsaya cak. Harafin farko ba B ba ne, V ne. Na tuna malamarmu ta Turanci a aji biyu, tana sa mu cije leɓen ƙasa, tana cewa ku mutanen nan duk V kun maida ta B.

Na ce, "Baban Hafsatu, ce jirgi da Turanci."

Ya ce, "Bot."

Na ce, "Ce ƙuri'a, ta zaɓe."

Ya ce, "Bot mana."

Na ce, "Wanne ne wanne?"

Ya ce, "Ai duk bot ne."

Na karɓi wayar. A wurin jirgi na rubuta vote maimakon boat. Ba ta karɓa ba. Na sauya kaza, na bar wata na sama. Wayar ta yi ɗan juyi, sai ga lambobi sun cika fuskarta. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa. Ya ce, "Suna nan. Rabi, garken duka shina nan!"

Ashe tun ranar farko ya ga kalmar, bakinsa ya ce bot, kunnensa ya ji jirgi, ya sa jirgi a waƙa. Idonsa ne ya riƙe yadda ake rubutawa, ciwo kuma ya tafi da abin da ido ya riƙe.

Wannan karon babu nas da za ta hana ni. Na yi guɗa har Kulu ta faɗo gida da ludayi a hannu tana cewa, "Wa ta haihu?" Muka yi sujadar godiya. Ya je ya durƙusa bayan Inna, don ba za ta yarda ya zo ta gaba ba, ya ce, "Inna, an ga shanu." Ta ce, "Ina sunka shiga?" Ya ce, "Jirgi sunka hau." Ta ce, "Ɗiyata, ki duba mutumin naki, halan da sauran zazzaɓi."

A ranar ya kwashe komai ya mayar sabuwar jaka mai sababbin kalmomi, shi ya sa na rubuta muku waƙar ba tare da tsoro ba. Mabuɗin gidan da aka tashi ne. Sababbin kuwa ni na rubuta su da hannuna, harafi-harafi, da Turancinsu, a takarda biyu. Ya karanta, na karanta, muka gwada muka ga sun buɗe. An naɗe su a leda, suna wuri biyu daban, kuma akwai mutum ɗaya cikin danginsa da ya san inda ɗaya take ko da Allah ya yi ikonsa a kanmu. Ya sake haddace su, ban hana shi ba. Amma na kafa sharaɗi: babu fassara, babu waƙa.

Ga abin da za ni roƙe ku. Wadda mijinta ko ɗanta ke da irin wannan ajiya, ta tambaye shi yau, cikin ladabi: in ka kwanta, wa ya san hanya? Ba fata ba ne. Mu ma lafiya lau ya fita kasuwa. Kada a ɗauki hotonsu a waya, kada a faɗa wa mai gyaran waya, amma kada a bar su a kai kaɗai. Haddar Alƙur'ani ma da ta fi komai daraja, an rubuta ta.

Ina godiya ga likita mai gilashi, da nas mai juna biyu, da direban da ya ƙi karɓar kuɗin dawowa, da kowa da ya kawo ƙwai ko addu'a. Mai ba da kati ma na yafe mata. Kulu kuma maigidan ya saya mata atamfa, har yau ba ta gane dalili ba, ta ce dai in waƙa ce ke kawo zane tana da wasu.

An ba kowace ƙanwa rabonta. Inna ta ce ita a fitar mata da nata a saya mata abin da ke cin ciyawa, wanda za ta gani da idonta. Aka sayo karsana ja, aka ɗaure ta nan gidanmu cikin gari, inda rago yake da. Aka zo sa mata suna. Shi ya ce Jirgi. Na ce a'a, ai Jirgi ne ya ɓatar da mu, a sa mata Ƙuri'a. Muna ta ja, Inna tana shafa wuyan karsanar. Can ta ce, "Ɗiyata, wane abu ne kinka gani jikin kwalba?"

Na ce, "Bitamin, Inna."

Ta ce, "To shi ne sunanta."

Duk wanda ya zo dubiya ya ga dama ya gwada. Ku kira ta Jirgi, ko kunne ba ta kaɗawa. Ku ce Bitamin, sai ta ɗago kai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu, ya sa mu ga ranar da shanu za su koma daji su kwana ba mai fargaba. Amin.